Kwana Huɗu a Kan Tsamiya

Da ana mayar da rana baya, da na koma wata Alhamis na ce wa Manu ya sauko daga tsamiya ya kwanta. Ban ce ba. Ni ne kofur, ni ke raba gadi, ni na hana shi barci kwana huɗu. Na tsufa yanzu, ina so a san haka.

Lokacin yaƙin basasa ne. An kwashe sojoji zuwa gabas, aka bar mu mu takwas a ƙauyenmu, tsakanin kogin Kwara da iyakar Dahome. An turo ni ne don nan aka haife ni. Inna na nan, da matata, da ɗiyarmu mai shekara uku. Labari ya iso cewa wasu masu bindiga na kwasar shanu a rugage, suna ƙona duk garin da ya tare su.

Kafin saje ya tafi ya bar mana tsari: kowa ya yi gadi awa biyu, ya kwanta huɗu. Na rushe shi. Mutanena shida 'yan birni ne, ba sa bambanta ƙurar shanu da ta guguwa. Manu ɗan makiyaya ne, idonsa na kaiwa inda namu ba ya kaiwa. Muka ɗaura masa gadon itace a kan tsamiyar yammacin gari, muka rataye guntun ƙarfe da zai buga in ya hango wani abu. Na ce ya zauna can dare da rana, salla kawai ke sauko da shi. Ina aika masa goro da baƙin shayi. A lokacin na yarda goro na tsayawa a madadin barci. Ni ma haka nake yi wa kaina, har ina alfahari.

Safiyar Alhamis ba ta bambanta da sauran ba. Mata na daka. Masunta na shanya koma a bakin ruwa. Ƙarfe bakwai na je gindin tsamiya. Idanun Manu sun yi jajir, leɓensa ya tsage.

Ya ce, “Kofur, ka ba ni awa biyu. Kututture ya fara tafiya a idona.”

Na ce masa soja ba ya roƙon barci. Na jefa masa goro biyu, na juya.

Ƙarfe biyu da kwata, an idar da azahar, rana ta take. Ina zaune a inuwar rumbu, bindiga a cinya. Ban san na yi gyangyaɗi ba. Ƙarfen bai buga ba. Kukan awaki ne ya tashe ni, sannan harbi uku a jere. Masu bindigar sun riga sun wuce tsamiya.

Na miƙe. Yatsuna suka kasa ɗana bindigar da nake ɗanawa ido rufe. Jinkar gidan farko ta kama da wuta, ta biyu ta bi. Na ji muryata tana cewa, “Kogi! Kowa kogi!”

Na iske matata a ƙofa ta goya yarinya. Inna ba ta iya gudu. Na ɗora ta a baya. Muka bi ta fadamar shinkafa, laka har gwiwa. Harsashi na faɗawa ruwa gefenmu kamar ana jifa da tsakuwa. Wata mata a gabana ta zauna cikin lakar, ba ta ƙara tashi ba. Ban tsaya ba.

Kwalekwale huɗu ne a mashiga. Mutanena uku suka kwanta bayan tudu suna harbi har aka cika kwalekwalen. Na ce, “Tuƙa! Kada a jira!” Ƙarfe uku da rabi muka taɓa wancan gaɓar. Daga can muna jin kukan shanu ana kora su yamma.

Muka kama hanyar Bagudo a ƙafa. Ina tafiya ina barci. Sau biyu na faɗi da Inna a bayana. Kowane kurmi na ga mutum a ciki. Da magariba muka shiga gari.

Ranar Asabar muka koma. Manu na kan gadonsa. Ya ɗaure kansa da rawani a reshe don kada ya faɗo, sandar buga ƙarfe na hannunsa. Daga ƙasa suka harbe shi. Ina jin bai farka ba.

Hafsan sojan da aka turo ya tambayi abin da ya faru. Na ce mai gadi ya yi barci. Haka aka rubuta. Mahaifin Manu ya zo daga ruga, haka aka faɗa masa, ina tsaye. Ya sunkuyar da kai, ya tafi da kunyar da ba tasa ba. Ya rasu ban je na gaya masa ba.

Mutum goma sha ɗaya muka binne, biyu sojoji. Manu bai kai ashirin ba.

Kai da aka ba mutane, in ɗayansu ya ce maka idonsa ya gaji, ka saukar da shi. Kada ka yi abin da na yi.