Ɓarin Goron Kaka

Jiya Yaya Habibu ya dawo garinmu Zinyau da albishir: jami'a ta ɗauke shi digiri na biyu a fannin falsafa. Ana ta murna, ni kuwa idona yana kan tabarmar Kaka da aka naɗe tun bara.

Kaka ba ya cewa "na yarda". In magana ta kwanta masa, sai ya ɓara goro ya miƙa maka ɓari.

Ranar da Yaya ya fara neman izinin karanta falsafa, ina shara a bakin zaure. Baba ya kafe cewa ga Shari'ar Musulunci ta zo, ɗansa ba zai yi karatun da ke raunana imani ba. Aka bar wa Kaka hukunci.

Ya ce, "Habibu, me ake koya a can?"

"Tambaya da bin hujja, Kaka."

"In tambayar ta fi ƙarfinka fa?"

Yaya ya sunkuya. "Sai in ce ban sani ba."

Kaka ya dubi Baba. "Kai ka taɓa faɗar haka?"

Na tsayar da tsintsiya. Can na ji ƙas, goro ya ɓare.

Allah Ya sanyaya makwancin Kaka, Ya bar wa Yaya wannan sunkuyawar.