Mma Sahada Mai Kitson Sabonjida da Antin da Ba Ta da Murya

Kafin masu koko su kwashe tukwanensu, Mma Sahada ta riga ta share ƙofar gidanta a Sabonjida, ta ajiye kujera, da mataji, da man kaɗanya. 'Yan mata sukan zauna tsakanin gwiwoyinta, kai a sunkuye, ido a kan waya. Iyaye sun kasu biyu. Wasu na cewa a ƙwace wayar a huta, wasu na cewa yaran zamani sun fi mu sani. Sahada ba ta yarda da ko ɗaya ba. Ta ga wadda aka ƙwace wa tata tana aron ta maƙwabta, kuma daga ranar ta daina gaya wa kowa komai.

Ba ta karanta Turanci, amma kan yarinya yana hannunta. Ana gobe Sallah, Maltiti 'yar Usumanu mai sayar da taya ta zo kitso. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara, sai wuyanta ya sandare.

"Ke, wa ke nemanki haka? Ko aure kika yi ba mu ci shinkafa ba?"

"Wata Anti ce a Accra, Mma. Tallan gyale take nema mana."

"Kin taɓa jin muryarta?"

"Rubutu kawai take yi."

"Antin da ba ta da murya, 'yata, gemu gare ta."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ashe an fara da neman hoto da gyale, sannan ba gyale, sannan abin da ya fi haka. Yanzu an ce in ba ta ƙara ba, za a tura wa babanta. Kuma kowa a unguwa ya san zafin Usumanu: ranar da ya gani, Maltiti ta gama makaranta.

Sahada ta ɗaura mata ɗankwali a kan rabin kitso, ta tare musu yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, sai shagon taya. Waɗanda ke wurin sun ce da Usumanu ya ji, sai ya ɗaga wayar zai buga da ƙasa, ɗayan hannun yana laluben bel.

"Fasa ta, Alhaji, ka fasa shaida," in ji Sahada. "Mutumin nan ba shi da komai sai fushinka. Da shi yake tsorata 'yarka. In ka dake ta, ka zama yaronsa."

"Mma, kin san abin da za a ce a masallaci?"

"Za a ce. An ce a kan waɗanda suka fi ka."

Usumanu ya zauna a kan taya. Daga baya suka kai wayar wurin 'yan sanda ba tare da goge komai ba. Wai an kama mutumin. Masu faɗin haka ba su gani da idonsu ba, don haka a bar shi a wai. Abin da aka tabbatar shi ne saƙon hotunan ya iso wayar Usumanu, kuma bai buɗe ba.

Bana yatsun Sahada sun ƙi lanƙwasuwa, ta ajiye mataji. Ba wanda zai ba ta lambar yabo, masu taro a otal kan tsaron yara ba su san sunanta ba. Ke ce mai tambayar da iyaye ke tsoron yi, Sahada. Ke ce kika ji asirin yaran mutane, ba ki kai shi gidan suna ba. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ku kuma iyaye, ku tambayi yaranku da wa suke magana, amma ku ajiye bulala tukuna, in dai amsa kuke so. Maltiti tana makaranta har yau. Kwanan baya wata baƙuwar lamba ta yi mata sallama, sai ta tafi shagon taya da kanta, ta miƙa wayar.

"Baba, duba mini wannan."