Dattijo Mai Taje Gemun Kare

Gobnait tana jera cuku a rumfarta a kasuwar garin Listowel, amma idonta na kan wani dattijo da ke zaune a benci. Ba ta san shi ba. Dogo ne siriri, rigar sanyinsa ta ɓule a gwiwar hannu, sumarsa a hargitse. Karensa kuwa tsaf yake, irin karnukan gonar nan masu laushin gashi kalar alkama, tsayinsa iya gwiwa.

Dattijon yana riƙe da haɓar karen, yana taje masa gemu a hankali, yana warware ƙulli ɗaya bayan ɗaya.

"Tsaya mana, Sajan," yake cewa. "Ka tsoma gemu a taɓo, wa zai kalle ka?"

Yadda yake riƙe matajin a karkace, Gobnait tana ganin bai saba ba. Wataƙila aikin matarsa ne, ta rasu ta bar masa, yana tsoron karen ya lalace a hannunsa.

Can Sajan ya jiyo ƙamshin cuku. Ya fizge igiya, ya daka tsalle ya lashi haɓar Gobnait.

Dattijon ya biyo shi har rumfar. Ta ce, "Baba, haka ake gaisuwa a gidanku?"

"Yi haƙuri, 'yata. Shi yake gaisuwa a madadina. Ni na manta yadda ake yi."

Ta yanko cuku biyu, ta janyo masa kujera.

"To zauna, in tuna maka."