Allon da Na Raina a Bakin Kogi

Ni tsohuwa ce, ban taɓa shiga aji ba, ko sunana ban iya rubutawa, sai dangwale. Da baki nake faɗa ana rubuta mini, in kun ga magana ta karkace daga wajena ne. Lokacin da abin nan ya faru ban cika shekara da zuwa Amurka ba, ina zaune wajen ɗana da matarsa a unguwar Highbridge, bene hawa na biyar. Kafin nan rayuwata duka a bakin ruwa na yi ta, a wata 'yar tashar kifi ta ƙasar Yauri. Uwata banda take yi, ni ma ita na gada, shekara arba'in ina cikin hayaƙi. Kwalekwale bai gama tsayawa ba na san abin da ya ɗauko. In na danna kifi da yatsa, na duba idonsa, na buɗe gefen kansa na ga jan wurin, na san ko yau ya mutu ko jiya. Wanda aka kashe da maganin ƙwari ma ba ya ɓace mini, cikinsa kan saki da wuri, ƙuda ba ya ɗokinsa. Masunta suna tsoron bakina, don ba na ɓoye wa kowa aibin kayansa. Ni mace ce mai sa ido, ba na yawan dariya, kuma ban saba a koya mini abin da ya shafi kifi ba.

Doka kuwa, na san irin tamu. Shekara takan zagayo a zo da mota a ce an hana taru mai ƙananan ido, a ƙwace na talaka a ƙone a gabansa, na mai hali kuma kashegari ka gan shi cikin ruwa. An taɓa kafa mana allo a bakin tasha, da rubutu da zanen kifi. Ba a yi wata ba mata suka fara shanya a kansa, daga baya wani ya tumɓuke shi ya yi ƙyauren akurki. Tun daga nan na riƙe a raina cewa allon hukuma ba don amfaninmu ake kafa shi ba, hanyar ci ce kawai ta masu kafawa. Da wannan ra'ayin na hau jirgi.

Matar ɗana 'yar zangon Kumasi ce, aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Shekara shida da aure, ciki biyu sun zube. Na ukun ne ya sa aka kawo ni, don in tsaya mata. Ban sakar mata fuska sosai ba, ba don ƙiyayya ba, haka Allah ya yi ni, amma ita Mama take ce mini, da ladabinta. Laulayi ya kama ta mai tsanani, duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Ta rame har wuyanta ya fito. Wata rana ta ce mini abu ɗaya take marmari, farfesun kifi. Ɗana ya je Fordham Road ya sayo karfasa a leda, ta daskare kamar itace, Allah kaɗai ya san watan da ta mutu. Na dafa dai, ta yi loma biyu ta tashi da gudu. Na ce wa ɗana wannan ba kifi ba ne, gawar kifi ce.

A kwanakin nan likita ya ce in riƙa tattaki saboda gwiwa. Unguwarmu tudu ce, sai na riƙa bin matakala ina gangarawa, har wata rana na samu kaina a bakin kogin da ke ƙasanmu. Warin ruwa ya doke ni, na ji kamar an kira sunana. Na tarar da maza suna fatsa. Ɗaya daga cikinsu ya ga mayafina ya gaishe ni da Hausa. Dattijo ne mutumin Accra, direban tasi, ranakun hutunsa yake zuwa nan. Na tsaya ina kallon yadda yake ɗaura tana, na ce masa a garinmu yaron goye ya fi shi iyawa. Ya yi dariya ya ce to ga malama ta zo. Muna cikin haka ya ciro wani kifi mai gashin baki, ɗan'uwan tarwaɗa sak, yana ta wutsilniya. Na karɓa na danna, na duba ido, na buɗe gefen kai. Ja zur. Sai na ga mutumin nan zai mayar da shi ruwa. Na riƙe hannunsa na tambaye shi ko Amurka ce ta koya masa almubazzaranci.

A nan ne ya nuna mini allon, kuma ina so a rubuta wannan daidai, don kada wani ya ce rashin karatu ne ya cuce ni. Allon yana jikin ƙarfen shinge, da zanen kifi, da zanen mace mai ciki da yaro. Ya karanta mini shi da Hausa. Ya ce an ce matan da ke haihuwa da yara kada su ci kifin ruwan nan, don masana'antu sun daɗe suna zuba datti, ya kwanta cikin laka, kifi yana cin sa. Na tambaye shi ko shi yana ci. Ya ce jefi-jefi, shi tsoho ne, me ya rage. Na ce ni ma tsohuwa ce. Ya tambaye ni ko akwai mai ciki ko yara a gidanmu. Na dubi idonsa na ce babu, ni kaɗai zan ci. A raina kuwa cewa nake, so suke kowa ya tafi kanti ya sayi na ƙanƙara, kuma ni da na san kifin guba tun ina budurwa ba allo ne zai faɗa mini ba.

Ranar na yi farfesu da citta da kanumfari da ɗan daddawa. Matar ɗana ta cinye kwano ta nemi ƙari, ta kwanta ta yi barci, bai dawo ba. Da ta tambaye ni inda na samo, na ce wani kanti na gano inda ake ajiye kifi da rai cikin ruwa. Ƙarya ta biyu ke nan, ita ma ba ta yi mini nauyi ba. Daga nan sau biyu a mako nake gangarawa. Dattijon ba ya sayarwa, kyauta yake ba ni, ni kuma in kai masa yajin da na daka. Ina zaɓen masu ƙiba, masu kwanciya a ƙasan ruwa, har da wani dogo mai santsi kamar maciji wanda kitsensa ya fi na kowa. In na dafa, ita nake zuba wa kai da ciki da fata, inda maiƙo yake, kamar yadda muke yi wa mai ciki a gida. Ni wutsiya nake ci. Wata huɗu muna haka. Ta murmure, ta yi kumatu, matan masallaci suna cewa hannun surukarta albarka ne. Ina jin su ina ɗaure fuska, amma a ciki daɗi nake ji.

Cikin yana wata takwas nas ta ce ita ma ta riƙa tattaki. Wata Lahadi bayan la'asar ta ɗauki mayafi ta ce za ta raka ni. Na so mu bi ta wajen kantuna, ta ce ita shekarunta a unguwar nan ba ta taɓa ganin kogin kusa ba. Muka gangara a hankali tana dafe da ni. Tun daga nesa dattijon ya ɗaga mini hannu, yana cewa yau ya ajiye mini manya biyu irin waɗanda nake so. Sai idonsa ya sauka kan cikinta. Na ga fara'ar ta bar fuskarsa. Ya tambaye ni a hankali ko wannan ta gidanmu ce, ya ce ashe ba ni kaɗai ke ci ba. Ita kuwa ta dubi bokitinsa, ta gane kifin da take ci, ta juya ta ga allon. Ta matsa ta karanta, ta sake karantawa. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni sau nawa na dafa mata shi. Na ce ban ƙirga ba. Ta kira ni Mama, ta ce da na tambaye ta mana, ai ita ta iya karatu, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nawa. Maimakon in sunkuyar da kai, sai na ce mata na san kifi tun ba a haifi uwarta ba. Cikin duk abin da na yi, wannan maganar ce ta fi ci mini rai. Muka hau matakalar nan duka, tana haki, ba ta ƙara dafa ni ba.

Ɗana bai ɗaga mini murya ba, ya dai ce in shirya gobe da ni za a je asibiti. Aka sa mini mai fassara ta waya, Hausarta irin ta Nijar. Likitar ta kawo hotunan kifaye ta ce in nuna waɗanda na dafa. Nan fa gwaninta ta motsa, na nuna su ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, ina lura da fuskarta. Ta tambayi wane ɓangare mai cikin take ci. Na faɗa. Sai ta ce abin da ke cikin ruwan nan ba irin gubar da na sani ba ce. Ba ya kashe kifin, ba ya wari, ba ya canza launi, dafuwa ba ta kashe shi, kuma cikin kitse yake taruwa, ya fi yawa a kifayen da ke kwana cikin laka. Wato duk abin da na zaɓa da ilimina, shi ne mafi muni. Da na ba ta wutsiya na ci kan, da ya fi sauƙi. Na tambaya ko akwai maganin wanke ciki, ko nawa ne. Ta ce babu. Suka ɗebi jini, ta ce akwai abin da za su iya gani, akwai wanda ba za su iya yin alkawari a kai ba. Ta ce mai yiwuwa ba abin da zai samu ɗan, a daina ci daga yau, a kuma riƙa lura da girmansa. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na samu abin mayar wa martani.

Allah ya sauki matar ɗana lafiya, ta haifi mace, 'yar ƙarama amma cikakkiya. Da aka miƙo mini ita na ƙirga yatsunta sau biyu. Ba a hana ni yi mata wanka ba, ba a hana ni goyo ba. Amma abincin mai jego, wanda saboda shi na ƙetare teku, wata ƙawarta ce ta riƙa kawowa a kula daga wani gini. Kwana arba'in tukunyata ba mai taɓawa sai ni da ɗana. Ranar suna dattijon nan ya zo, ya tsaya bakin ƙofa ya ce shi yake ganin laifin kansa. Na ce masa a gaban mutane ya daina, shi ya karanta mini, ni na yi masa ƙarya. Ban taɓa faɗin irin wannan a bainar jama'a ba tun da nake.

Yanzu jikata ta haura shekara biyu. Ta zauna a kan lokaci, ta yi tafiya a kan lokaci. Magana ce ba ta buɗe sosai ba. Likitarta ta ce yara sun bambanta, a ƙara mata lokaci, ana dubawa. Na tambaya ko kifin ne, ta ce ba wanda zai iya ce mini e ko a'a. To nan nake zaune. Duk kalmar da ta fito bakinta ina riƙe da ita, in ta yi shiru da yawa sai in ji warin farfesun nan a hancina. Mai yiwuwa ba komai, gobe ta cika mu da surutu. Amma wanda ya jefa dutse cikin kasuwa ba shi da ikon cewa bai samu kowa ba.

Abin da na koya shi ne, sanin da ka zo da shi na ruwanku ne, kowane ruwa da nasa sirrin. Idona bai yi ƙarya ba, kifin sabo ne, amma ba sabunta ake magana ba. Kuma don an cuce ka da doka a garinku ba shi ke nuna duk allon duniya na macuta ne ba. Ina kira ga tsofaffi irina da ake kawowa jego ƙasar nan, masu ganin sun girmi tambaya. In kin ga allo, ki sa a karanta miki, in an karanta ki ji. Abin da za ki ba mai ciki ki faɗa mata inda ya fito, cikinta ne, ba naki ba. Duk abincin da sai kin yi ƙarya kafin a ci shi, ki san da matsala tun kafin ya hau wuta.

Har yanzu ina gangarawa kogin, kuma in na ga wata tamu tana leƙen bokiti, sai in ja ta gaban allon in faɗa mata abin da ya ce, ko da yake ban san harafi ɗaya a jikinsa ba. Wadda take rubuta mini wannan kuwa, matar ɗan nawa ce. Ni na roƙe ta, na ce kada ta rage komai. Da muka zo kan maganar da na yi mata a bakin ruwa ta ce a tsallake, ya wuce. Na ce ta rubuta. Ta rubuta, ta karanta mini, na ji tana nan yadda na faɗe ta.