Gurbin Gidanmu a Gayya

A ƙauyenmu, kusa da Daudawa, in aka kira gayyar huɗa kowane gida yakan ba da namiji ɗaya da galmarsa. Gidanmu ni kaɗai ne namiji bayan Baba, ni kuma ina jami'a. Sai sarkin noma ya ce a ɗauke mana, amma a riƙa huɗe mana gonar auduga kamar ta kowa.

"Karatun yaron nan shi ne gayyarshi," in ji shi. "In ya gama, ya kawo mana hanya da rijiya."

Da na shiga digiri na biyu kan tsara manufofin gwamnati, aka ce kowa ya zaɓi ɓangaren da zai ƙware. Akwai raya karkara, akwai tsara kuɗin man fetur. Lokacin arzikin mai ya tumbatsa, hankalin kowa na Legas. Ni ba Legas ce ta ja ni ba. Raya karkara sai ka bi ƙauyuka kana tara mutane kana yi musu tambayoyi, ni kuwa ko gaisuwa a zauren mai unguwa sai na yi gumi. Lissafi ba ya kallon mutum cikin ido. Na daɗe ina aunawa, na zaɓi mai.

Da hutun damina na tarar da Baba a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya. Na faɗa masa, ina ta kewaye-kewaye.

"Aikin a ina yake?"

"Legas, Baba."

"Rijiyar fa?"

"Akwai masu karanta wannan."

"'Yan wane gari?"

Na tsaya ina kallon ƙotar da ke hannunsa.

"Allah shi yi albarka," ya ce, ya koma kan ƙotarsa.

Ranar gayyar maƙwabcinmu, ganga na tashi Baba ya saɓi galma. Na ce ni zan je. Ya kama hannuna ya juya tafin.

"Da wanga hannu? Rufa mani asiri, kar makaɗa su sa mu a waƙa."

Na bi shi a baya. A bakin gona sarkin noma ya tare shi.

"Haba tsoho, ina za ka da wanga ƙugu? Ai an ɗauke maku."

"Bisa magana aka ɗauke mana. Maganar ta sake."

Ya shiga tsakanin samari ya duƙa. Suka kai ƙarshen gona suka juyo, shi bai yi rabi ba. Ina tsaye cikin takalmin makaranta ina kallo.

Tun daga wannan daminar Baba bai ƙara fashin gayya ba, har ƙugun ya zaunar da shi.