Mai Lambun Asibiti da Furen Kan Reshe

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Lambu ya yi yana aiki a harabar tsohon asibitin, kuma a cikinsu bai taɓa taka tsani ba. Yana saurayi ya faɗo daga kan itace, ƙugunsa ya goce. Tun daga ranar, ko kan kujera aka ce ya hau, sai gumi ya karyo masa.

Abin mamaki, shukar da ya fi ƙauna a sama take. Wata likita ce ta zo da ita a zamanin da ake goge daɓen asibitin har ya yi ƙyalli, ta ɗaure ta da bandeji a reshen babban itacen da ke bayan ɗakin haihuwa. Okid take kiranta, ta ce danginta kaɗan ne. Ba a dasa ta a ƙasa. Saiwoyinta farare ne, suna manne da ɓawo, suna shan raɓa. Bayan likitar ta tafi, Baba ya ci gaba da miƙa mata ruwa a gwangwani da ya ɗaure a bakin doguwar gora, Litinin da Alhamis.

Wata safiya ya tarar da masu zarto. Gindin itacen ya ruɓe, an ce a kayar da shi kafin ya auka wa masu jego.

"Wannan kaucin kake wa kuka, Baba?" in ji shugabansu, wani ƙato mai wushirya. "Bari in fizgo maka."

"Ba kauci ba ne, ɗana, ba ta cin itace! In ka fizge ta, ka kashe ta. Sai an jiƙa saiwar ta yi kore, sannan a ɗago ta da ɓawonta."

"Ni hannuna na sara ne. Ga tsani, ango, je ka ɗauko amaryarka."

Baba ya sa wuƙa a aljihu, ya rataya goran ruwa. A mataki na huɗu tsanin ya fara ƙara. A na tara ya yi kuskuren duba ƙasa, ya ga kawunan mutane suna juyawa. Ya rungume reshen, ya ji shi yana motsi a ƙirjinsa, don ciki duk rami ne.

"Baba, sauko! Ka ji reshen yana ƙara!" Wannan karon ƙaton ba wasa yake ba.

Baba ya buɗe goran. Ya zuba ruwan, ya jira. Bai taɓa ganinta kusa haka ba: furanni biyar, kowanne bai fi farcen yatsa ba, ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon ja. Saiwar ta yi kore a hankali, kamar da gangan. Ya tura wuƙar ƙarƙashin ɓawon, ya yanka, ya ɗago, ya cusa ta cikin rigarsa.

Sauka kuma ta gagara. Ƙafarsa ta ƙi neman mataki. Sai da ƙaton ya hau, ya riƙa kama duddugensa yana ajiye masa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Saura bakwai, Baba. Saura shida."

Da ya taka ƙasa sai ya zube zaune, ya buɗe rigar. Fure biyu sun murƙushe, amma saiwa ko ɗaya ba ta tsinke ba. Ya ƙirga su sau biyu, sannan ya ɗaga wa masu zarto hannu su fara.