Hannun da Bai Ji Wuta Ba

Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya. Mutumin da abin ya shafa ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa suna ɗakunansu har da jikoki, kuma kafin rasuwarsa ya sauke mini alkawarin da na ɗauka. Shi ya sa nake rubutawa yanzu.

A shekara ta biyu bayan an ba mu jihar Zamfara, ni ne heluma, wato babban ma'aikata, a wata gonar kiwo da ke bayan Bungudu, ba nisa da gulbi. Mai gonar wani Alhaji ne ɗan kasuwa, yana zaune a Tudun Wada cikin Gusau, sai ya yi wata guda bai leƙo mu ba. Mu bakwai ne a gonar. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya tsara aiki, kuma ba na wasa da lokaci. Tatsa bayan sallar asuba, sakin shanu da hantsi, ban ruwa kafin azahar, sa'an nan abinci. Ni na kafa dokar cewa abincin rana a kwano ɗaya za mu ci, ƙarƙashin tsamiyar bakin shinge, kowa ya wanke hannu, babba ya fara sa hannu. Babban cikinmu shi ne Baba mai gadi, tsoho mai baki, wanda ba ya barin mutum ya haɗiye loma bai tsokane shi ba.

Mai tatsarmu mutum ne shiru-shiru. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata biyu, suna wurin tsohuwarsa a wani ƙauye kusa da mu. Saniyar da ta ƙi kowa, shi tana sakar masa nono. A shekara huɗu da muka yi tare ban taɓa yi masa faɗa a kan makara ba.

Abin ya fara ne a bazara, ranar da muke sa wa 'yan maruƙa shaida da ƙarfe. Mutum huɗu sun danne wani ɗan maraƙi, ya yi harbi, ƙarfen ya suɓuce daga hannuna ya faɗi ƙasa. Mai tatsa ya sunkuya ya ɗauko ya miƙo mini. Ta wajen wutar ya kama shi. Ni na fara jin ƙaurin fata kafin shi ya san wani abu ya faru. Ya dubi fuskata, sa'an nan ya dubi tafin hannunsa, ya dunƙule shi ya sa cikin riga. Sauran ba su gani ba, hankalinsu na kan maraƙin.

Bayan la'asar na kira shi ɗakin ajiya, na tura ƙofa.

Na ce, "Buɗe hannun."

Ya buɗe. Fatar ta tashi, amma ko yamutsa fuska bai yi ba.

"Tun yaushe ba ka ji?"

"Tun daminar bara, Heluma."

Ya ɗaga rigarsa da kansa. A bayansa akwai tabo uku masu haske, kowane kamar faɗin tafin hannu. Na ɗauki ƙaya na taɓa tsakiyar ɗaya, na tambaye shi ko ya ji. Ya ce mini bai san na taɓa ba. Na san wannan ciwon. Kawuna ya yi kuturta ina ƙarami, kuma har ya mutu shi kaɗai yake cin abinci, a kwanonsa da ake kifewa nesa da na kowa.

Ya ce, "Heluma, ɗiyana mata ne. In wagga magana ta fita, babu mai yin sallama ƙofar gidanmu. Ko nonon gonar ga babu mai saye."

Na gaya masa na ji a rediyo cewa yanzu ana warkewa, kuma akwai asibitin masu wannan ciwo can wajen Zariya. Ya ce zai tafi, amma sai na yi masa alkawari. Abu uku ya nema: kada in faɗi inda ya tafi, kada in faɗi dalili, kuma in riƙa duba abincin gidansu. Na ce ko tsohuwarsa? Ya ce ita ce ta farko, don Inna ba ta kwana da magana a ciki. Na yi masa alkawarin duka ukun.

Ranar Asabar bayan tatsa na ɗauke shi a babur ɗina. Ban kai shi tashar Gusau ba, don direbobin can sun san shi. Lokacin ana wahalar fetur, sai da na sayi galan a bakin hanya. Muka ratsa Gusau, muka wuce dutsen Kwatarkwashi, har Tsafe. A can na sa shi motar Funtuwa, hannunsa naɗe cikin ƙyalle. Na tsaya har motar ta tashi, na juyo ni kaɗai. Da na iso gona na ce wa ma'aikata ya nemi izinin tafiya, na ba shi. Wannan gaskiya ne.

Kuskure uku aka yi, kuma biyu nawa ne.

Na farko, mun bar sandarsa da malafarsa rataye a bukkarsa. Ni ban kula ba. Baba ne ya gani, ya ce tun da yake bai taɓa ganin makiyayin da ya yi tafiya ya bar sandarsa ba.

Na biyu ba nawa ba ne. Wani dillalin shanu na Bungudu ya gan mu mu biyu a babur kusa da Kwatarkwashi, kuma da azahar ya gan ni ina dawowa babu kowa a bayana.

Na uku shi ne mafi muni. Bayan mako biyu tsohuwarsa ta zo gona a ƙasa, ta zauna a bakin shinge ta ƙi shiga inuwa. Ta ce, "Malam, ina kunka kai mani ɗa?" Na durƙusa na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, yana raye in sha Allahu." Tausayi ne ya sa na faɗa. Kafin magariba maganar ta kai bakin rijiya, kuma tambayar da kowa ya yi ita ce, yaya aka yi na sani?

Daga nan zance ya bi matakai. Da farko aka ce ya kora shanu ya gudu. Alhaji ya zo da kansa, aka tara garke, babu ko ɗaya da ta ɓace. Sai aka ce gulbi ya ci shi. Baba ya yi dariya ya ce, "Gulbin da ko kaza ba ta nutsewa ciki? Yashi ne ya haɗiye shi?" Sai aka koma kan iskokin dutsen Kwatarkwashi, aka ce dama mutum mai shiru haka ba shi kaɗai yake ba. Wannan ya yi kamar wata guda a bakin mutane. Na ƙarshe shi ne ya zauna. A wannan daminar Alhaji ya sayi sabuwar babbar mota, sai aka ce da mutum aka yi tsafin samun ta, kuma ni na kai mutumin. Babu wanda zai iya faɗa wa Alhaji haka a fuska. Ni kuwa kullum ina kan hanya.

Mai gari ya kira ni zaurensa, Alhaji yana zaune a gefe. Na ce na sauke shi a tashar Tsafe, ya shiga mota da ƙafarsa.

Mai gari ya ce, "Zuwa ina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya faɗi ba."

Da muka fito Alhaji ya ja ni gefe, ya ce, "Haba Malam! Ka ce ba ka sani ba mana, kowa ya huta." Na ce masa na sani, kuma ba na ƙarya. Ya dube ni ya daɗe, ya shiga motarsa. Bai kore ni ba, amma daga ranar sai dai ya aiko direba da saƙo.

A gona, kwanon rana ne ya fara nunawa. Wani ya ce yana azumin nafila. Washegari wani ya ce cikinsa ba daɗi. A rana ta huɗu muka zauna, na ga babu wanda ya wanke hannu. Baba ya gyara murya.

"Heluma, ni tsoho ne, ba ni jin kunyar kowa. Mutanen ga ba su iya haɗiye tuwo kana zaune. Ko ka faɗi inda mutum yake, ko a zuba maka naka daban."

Na ce, "A zuba mini daban."

Aka samo wani ƙaramin kwanon sha, aka zuba mini. Na ɗauka na tafi ƙofar ɗakin ajiya. Daga nan ina jin dariyarsu a gindin tsamiya, amma ba na jin abin da ake faɗa. Idan na gama, ni nake wanke kwanon, in kife shi a kan taga. Ranar farko da na kife shi na tuna kawuna.

Aiki bai tsaya ba. Ina ba da umarni, ana bi, babu mai ƙara kalma. A masallacin Juma'a na Bungudu, wanda ya tsaya kusa da ni a sahu yakan bar ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da tawa. Mata suka daina zuwa aron rariya wurin matata. Sau ɗaya ta tambaye ni, na ce amana ce. Ba ta sake tambaya ba, amma hirar gidanmu ta ragu. Duk farkon wata ina kai wa tsohuwar dawa daga rumbuna, in ajiye a ƙofa. Tana ɗauka, ba ta amsa gaisuwata. Wannan ma aka ce alhaki ne yake damuna.

Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina ban san ko ya isa ba. Bai iya rubutu ba, ni kuma na ji tsoron zuwa kada a bi ni. Idan ya mutu a hanya, ba ni da shaida har abada, kuma ko na buɗe baki daga baya babu mai yarda. Sau biyar na hau babur na je Tsafe ba tare da wani aiki ba. In tsaya a bakin tasha, in duba masu saukowa daga motocin Funtuwa ɗaya bayan ɗaya, in sayi rake ko gyaɗa don kada a ce tsayuwar me nake yi, in dawo. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen na tsara yadda zan gaya wa mai gari komai, kalma bayan kalma. Da na iso Bungudu na ga 'ya'yansa biyu suna dawowa daga ɗiban ruwa tare da sauran 'yan mata, suna dariya. Na wuce gidan mai gari ban tsaya ba.

Wata goma sha huɗu aka yi a haka.

Ranar wata Laraba da damina, an zuba abincin rana, na zauna a ƙofar ɗakin ajiya, sai na ji Baba ya yi salati da ƙarfi.

"Mutum ne ko fatalwa?"

"Baba, fatalwa tana jin yunwa?"

Shi ne. Ya yi ƙiba, fatarsa ta yi duhu, yatsu biyu na hannun nan sun lanƙwashe. Suka yi kansa, kowa na tambaya. Ya ce Kudu ya tafi bin motocin shanu, zafin ranar can ne ya ƙona shi, yatsun kuma ƙofar mota ce ta datse. Baba ya ce, "Ɗan banza! Mun yi maka sadakar arba'in a zuci, ashe kana can kana cin doya!" Aka yi dariya, aka matsa masa wuri a bakin kwano.

Ya wanke hannu. Kafin ya zauna ya duba fuskokinsu, ya ce, "Ina Heluma?"

Ya waiwayo ya gan ni, ya ga kwanon da ke gabana. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya bar su ya taho, ya tsuguna a gabana, bayansa ga tsamiya.

A hankali ya ce, "Ka faɗi?"

"Ban faɗa ba."

Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya buɗe ta a tsakaninmu yadda jikinsa ya kare ta. Na karanta iya abin da zan iya. An rubuta ya gama shan magani. Ya ninke ta ya mayar.

Daga nan ya ɗora hannunsa a kan gwiwa, bai miƙo shi ba. Na gane abin da yake jira. Can gindin tsamiya za su ci da shi don ba su sani ba. Ni kaɗai na sani. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ɗan ja baya, na ga yatsun, na ga kwanon kawuna a kife. Sa'an nan na tura kwanon zuwa tsakiya.

Na ce, "Bisimilla."

Ya sa hannu, na sa nawa. Tuwon na mutum ɗaya ne, bai ishe mu ba.

Babu wanda ya ba ni haƙuri, a gona ko a gari. Zancen ya mutu kawai, aka koma cewa ni mutum ne mai taurin kai, na bar tsohuwa tana kuka a kan tafiyar Kudu da kalma ɗaya za ta warware. Ban musa ba. A rana ta uku Baba ya ɗaga murya daga bakin shinge ya ce, "Heluma, tsamiya tana gaishe ka." Na tashi na koma, don ni na kafa dokar. Aka matsa mini, na wanke hannu, Baba ya fara, muka ci. Ƙaramin kwanon ya ci gaba da zama a kife kan tagar ɗakin ajiya har na bar aikin gonar, kuma babu wanda ya sake shan ruwa da shi.